Shin tawali'u na ƙanana ne kaɗai?

Ɗan_Kafur:
Salama a gare ku iyaye da 'yan'uwa. Ina da tambaya, kuma don Allah kada a ce yaro ya zo da rashin kunya, abin ne ya tsaya mani a rai.

A majami'armu nan cikin Katsina, ba zan faɗi suna ba, an sa ni cikin kwamitin kuɗi saboda akanta na karanta. A zamanmu na ƙarshe na kawo shawara cewa a riƙa ƙirga baiko mutum biyu ko uku tare, a rubuta a sa hannu, a kai banki ran Litinin maimakon ya kwana a gidan mutum, sannan a riƙa karanta wa jama'a lissafi lokaci-lokaci. Ban ce kowa ya ci ko kwabo ba. Ina rufe baki wani dattijo ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta mani Karin Magana 12:15, inda aka ce wawa yana ganin hanyarsa ita ce daidai, mai hikima kuwa yana jin shawara. Ya ɗora da 1 Bitrus 5:5, cewa samari su yi wa dattawa biyayya. Ya rufe Littafi, aka ce a wuce batu na gaba.

To a wurin nan wa ya kawo shawara, wa ya ƙi ji? Ayar wa ta kama, ni ko su? Ina so in sani ko tawali'u daga ƙasa zuwa sama kaɗai yake tafiya. In haka ne ku faɗa mani in koyi yin shiru.

Bakatsine79:
Sannu ɗan'uwa, ba a kanka aka fara ba. Mu da muka daɗe a kwamiti mun iya cewa "to Baba", mu fito mu tsaya a gindin bedi mu yi ta gunaguni har la'asar. Da an kira mu masu ladabi, amma ni na san ba tawali'u ba ne, gudun rigima ne.

Baba_Funtua:
Ɗana, na karanta. Ba zan yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya ba, Karin Magana 18:17 ta hana ni, domin wanda ya fara kawo ƙara shi ake gani da gaskiya sai abokin shari'arsa ya zo. Amma ina da tambaya. Shi ma'ajin yana zaune sa'ad da ka yi maganar? Ka taɓa zuwa gidansa ka gaishe shi, ku tattauna kai da shi kafin ranar? Mu Hausawa in ka tashi a gaban mutane ka ce a riƙa ƙirga kuɗi mutum biyu, abin da kunnen dattijo zai ji shi ne "ɓarawo", ko da ba haka kake nufi ba. Bulus ya gaya wa Timoti kada ya tsauta wa dattijo, ya roƙe shi kamar uba. Timoti kuwa shi aka bar wa ikilisiyar Afisa, ba ɗan kwamiti ba ne kamarka.

Ɗan_Kafur:
Na gode Baba. Yana zaune. Ban je gidansa ba, don a ganina batun kwamiti a kwamiti ake yin sa. In na bi gida-gida ai cewa za a yi ina haɗa ɓangare.

MamanTagwaye:
Ni dai abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda ake tsayar da ayar nan a tsakiya. Ku buɗe 1 Bitrus 5 ku karanta daga farko. Da dattawa Bitrus ya fara, ya ce su yi kiwon garken Allah ba don ƙazamar riba ba, ba kuma da nuna wa waɗanda ke hannunsu iko ba, sai dai su zama abin koyi. Sannan ya zo kan samari. A cikin ayar ta biyar ɗin, bayan maganar samari, ya ce dukanku ku yi ɗamara da tawali'u ga juna. Dukanku. Mai furfura yana ciki. Dattijon naku rabin aya ya karanta maka, ɗana.

Amma kada ka yi murna da wuri, rabin da ya karanta ɗin ma yana nan, ba a goge shi ba.

Malamin_Lahadi:
Tunda an zo nan bari in kawo Rehobowam, domin shi ake yawan jefa wa matasa. 1 Sarakuna 12. Jama'a suka zo Shekem suka ce ya sassauta musu nauyin da Sulemanu ya ɗora musu. Ya nemi kwana uku. Dattawan da suka yi wa ubansa aiki suka ce in ka zama bawan mutanen nan yau, ka amsa musu da magana mai daɗi, za su bauta maka har abada. Abokan tasowarsa suka ce ka gaya musu ɗan yatsanka ya fi ƙugun ubanka kauri, shi da bulala ya hore su, kai da kunamai. Ya bi ta abokai, kabila goma suka bi Yerobowam.

Kowa ya san wannan. Abin da ba a cika faɗa ba, 1 Sarakuna 14:21 ta ce shekarar Rehobowam 41 da ya hau sarauta. Ba yaro ba ne. Shi ne mai kujera, shi aka kawo wa kuka. Shawarar dattawan kuma ba "ka bi mu" ba ce, "ka saurari talakawa" ce. Don haka ni in ana neman wanda labarin nan ya fi kamawa, shugaba ne da aka kawo wa koke ya amsa da tsawa.

Mai_Ganga:
Malam kun yi wa matasa gata da yawa. Bari in faɗi namu laifin tunda ni ma a zumuntar matasa nake. Yaron da ba zai iya zama minti goma ya saurari dattijon da ya san shi tun ranar sunansa ba, shi ne zai kwana yana kallon wani "annabi" a TikTok da bai taɓa gani ido da ido ba, a ce ya tura baikon da suke kira kuɗin iri, ya ruga wurin mai POS ya tura ba tambaya. Ashe muna jin magana, zaɓen wanda za mu ji muke yi. Wanda ya ce za ka yi mota bana muna jinsa. Wanda ya ce ka rabu da yarinyar nan ko ka nemi sana'a, shi ne tsoho bai waye ba.

Bakatsine79:
Mai_Ganga ka fasa ƙwai. Sarki Ahab ma annabawa wajen 400 ya tara suna ce masa ya tafi Ramot-gileyad zai ci nasara. Mikaiya kaɗai ya ƙi, shi kuwa sarki ya ce yana ƙinsa don ba ya taɓa faɗa masa alheri.

Tsohon_Mai_Bishara:
Salama. Jikana ne ya karanta mani abin da kuke yi, shi ke rubuta mani wannan.

Ina saurayi na yi aiki ƙarƙashin wani fasto a wani ƙauye kudu da Malumfashi. Za mu gina majami'a ta laka, an ba mu fili a bakin hanya, kowa yana murna don duk mai wucewa kasuwa zai gan ta. Mun fara kwaɓa ƙasa sai ga wani tsoho Bamaguje da fartanya a kafaɗa, ba ya zuwa sujada, ko gaisuwarmu da kyar yake amsawa. Ya tsaya ya dube mu ya ce, "Nan ruwa ke kwanciya in damina ta yi nisa. Ko kakana bai shuka gero a nan ba." Ya wuce abinsa.

Nan da nan 'yan'uwa suka ce ƙarya yake, ba ya son majami'a kusa da tsamiyar da yake yanka a gindinta. Fasto bai ce komai ba. Da magariba ya ce in raka shi. Muka shiga gidan tsohon, aka miƙo masa kujera 'yar tsugunno ya ƙi, ya zauna a ƙasa kusa da turke, ya ce, "Baba, mu baƙi ne, kai ka san ƙasar nan. Ina za mu gina?" Tsohon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya nuna wani tudu bayan rumbuna, inda ba mai gani daga hanya. Can muka gina, wasu suna fushi. Da watan Agusta ya zo, filin farko ruwa har gwiwa, da tubalan da muka bari duk sun narke.

Abin da nake so ku lura, zargin 'yan'uwa ma gaskiya ne. Tsamiyar tana nan kusa, kuma ba ya son mu a wurin. Amma ruwan ma gaskiya ne. Da fasto ya tsaya binciken zuciyar mai magana kafin ya auna maganar, da mun yi asarar gini. Don haka su dattawan Ɗan_Kafur, ko da sun ga yaron yana da ɗagawa, ya kamata su tambayi kansu: ruwan fa, yana kwanciya ko ba ya kwanciya?

MamanTagwaye:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Wannan ya tuna mani da Na'aman. Kakana ya yi jinya a Babbar Ruga zamanin da 'yan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) ke riƙe da asibitin kutare, shi ya sa labarin nan a gidanmu ba a karanta shi da wasa. Ku duba su wa suka ceci jarumin Suriya: 'yar yarinya baiwa da aka kamo daga Isra'ila ita ta ce a je wurin annabi. Da Elisha ya ƙi fitowa ya aiko a ce ya yi wanka sau bakwai a Urdun, ya juya da fushi yana cewa Abana da Farfar na Dimashƙu sun fi. Barorinsa ne suka matso suka lallashe shi, suka ce da abu mai wuya aka ce ka yi ai da ka yi. Duk waɗanda suka ba shi shawara na ƙasa da shi ne. Da ya ce bawa ba ya gaya wa ubangida magana, da kuturtarsa zai koma gida.

Sai dai ka lura Ɗan_Kafur, da "Baba" suka fara kiransa.

'Yar_Malumfashi:
Ku yi haƙuri zan ɗan karkata, amma batun ɗaya ne. Ku maza kuna maganar kuɗi, mu mata abin ya fi haka. Wata 'yar'uwa da muka taso tare, mijinta yana dukanta. Duk sa'ad da ta gudo gida, iyayen zumuntar mata su zo su zaunar da ita: ki yi haƙuri, ki yi tawali'u, mace mai hikima ita ke gina gidanta. Ta ji shawara, ta koma. Ta sake ji, ta sake komawa. Yanzu kunnenta ɗaya ba ya ji. Ba wanda ya zaunar da mijin ya karanta masa Afisawa 5:25 ko Kolosiyawa 3:19 da irin wannan naci. To ita ma hikima ta yi da ta karɓi shawara? Ina tambaya ne da gaske.

Malamin_Lahadi:
'Yar'uwa, Littafi bai taɓa cewa kowace shawara daga bakin babba daidai ce ba. Abokan Ayuba uku, Elifaz da Bildad da Zofar, kwana bakwai suka zauna tare da shi ba magana, wannan ne mafi kyawun abin da suka yi. Da suka buɗe baki sai suka ɗora masa laifin da bai yi ba, a ƙarshe Allah ya ce ya husata da su. Elihu da ya jira su saboda sun girme shi ya ce ba yawan shekaru ke ba da hikima ba, Ayuba 32:9. Akwai kuma 1 Sarakuna 13, labarin da ba a cika wa'azi a kansa ba. Allah ya ce wa wani annabi daga Yahuza kada ya ci ko ya sha a Betel. Wani tsohon annabi ya bi shi ya ce mala'ika ya ce ka dawo ka ci. Ƙarya ya yi. Ya girmama tsoho, ya koma ya ci, zaki ya kashe shi a hanya.

Bakatsine79:
Kai, wannan labarin kullum yana tayar mani da hankali. Tsohon da ya yi ƙaryar ya kwana lafiya, har shi ya binne gawar.

Baba_Funtua:
'Yata ta Malumfashi, abin da aka yi wa ƙawarki kuskure ne, kuma ina faɗa a matsayin dattijon ikilisiya. Mijin ya kamata a kira, a sa shi a horo in ya ƙi, ita kuma a bar ta gidan iyayenta sai an ga canji. Ba na kāre wannan.

Amma ina tsoron inda zaren nan ya nufa. Yanzu kowane yaro zai ɗauki Elihu da annabin Betel ya sa a aljihu, duk ranar da aka yi masa faɗa ya zaro. A bara matasan wata majami'a a yankinmu suka shirya fita wa'azin Sabon Rai a ƙauyukan da ke wajen daji, su kwana can. Dattawa suka hana, suka ce ku je da safe ku dawo kafin la'asar, kun san halin da hanyoyin Faskari da Ƙanƙara suke ciki. Aka ce ba mu da bangaskiya, mun tsufa mun zama matsorata. Mu ne muke zuwa gaisuwar mutuwa, mu ne muke bin gida-gida haɗa kuɗin fansa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wannan ba aya ba ce, amma ba ƙarya ba ce.

Ɗan_Tarihi:
Baba, da girmamawa, wannan ya kawo mu wuri mai wuya. A watan Disamba 1893 samari uku suka sauka Legas, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, da niyyar shigowa ƙasarmu. Wani babban ɗan mishan da ya daɗe a can ya gaya musu ba za su ga ƙasar Sudan ba (sunan da ake kiran yankinmu da shi a lokacin), 'ya'yansu ma ba za su gani ba, sai dai ko jikokinsu. Ya san zazzaɓin ƙasar, ba mugunta ya yi ba. Ba su ji ba. A 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, Bingham ya koma gida. Ya sake zuwa a 1900, ciwo ya sake kore shi. Sai a 1902 aka kafa tashar farko a Pategi. Daga wannan aikin SIM ta tsaya, daga ita ikilisiyar ECWA ta fito a 1954, ita ce kuma ta riƙe Babbar Rugar da Mama ta ambata.

To dattijon Legas ya yi gaskiya game da mutuwa. Da sun bi shawararsa fa? Ni ban ce su Baba sun yi kuskure da suka hana matasa kwana a daji ba, ni ma da zan hana. Ina cewa ne ba kullum ake gane taurin kai da kira daga waje ba.

Mai_Ganga:
Bulus ma a Kaisariya annabi Agabas ya ɗaure hannuwansa da ƙafafunsa da ɗamarar Bulus, 'yan'uwa suna kuka kada ya je Urushalima, ya tafi.

Baba_Funtua:
Ya tafi, amma ya zauna ya ji su tukuna, ya amsa musu, har ya ce kukansu yana karya masa zuciya. Bai ce musu marasa bangaskiya ba. Kuma ransa ya kai, ba ran 'ya'yan mutane talatin a bayan a-kori-kura ba.

Katolika_Daura:
Salama daga Daura. Ni ɗan Katolika ne, ina bin ku tun safe. Mu an san mu da biyayya ga na gaba, har ana yi mana ba'a da ita. Amma akwai abin da zai ba ku sha'awa. Waliyyi Benedict, wanda ya rubuta ƙa'idar zaman sufaye a Italiya a ƙarni na 6, ya ba shugaban gida iko sosai. Duk da haka a babi na 3 ya ce in babban al'amari ya taso a tara kowa da kowa a ji ra'ayinsu, dalilinsa kuwa shi ne sau da yawa ƙarami Ubangiji yake bayyana wa abin da ya fi. Ya kuma ce su ƙananan su faɗi ra'ayinsu da ladabi, kada su nace sai an bi nasu, hukunci na shugaba ne. Wato kowa an ba shi nasa nauyin: babba dole ya tambaya, ƙarami dole ya iya haƙura in ba a ɗauka ba.

Tun da aka ba mu dayosis namu na Katsina a 2023, aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, mu ma kwamitoci sun ƙaru a majami'unmu, irin wannan gardamar ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

Ɗan_Kafur:
Na yarda da wannan. Da an tambaye ni dalili, an tattauna, aka ce ba yanzu ba, da na haƙura. Ba a amsa maganar ba sam, ni aka amsa.

Ina_Wurin:
Na yi niyyar yin shiru amma tunda Baba_Funtua ya nemi ɗaya ɓangaren, ni ina cikin zaman. Ɗan'uwa, duk abin da ka rubuta haka aka yi, ba ka ƙara ba. Sai dai ka rage. Ba ka faɗa musu cewa a tsaye ka yi maganar ba, da takardu a hannu ka raba wa kowa, a samansu an rubuta "Kurakuran da ake yi". Ba ka faɗa musu mutumin nan tun kafin a haife ka yake riƙe da jakar nan ba a biyansa ko sisi, kuma shekarar da iska ta yaye kwanon majami'a buhunan masararsa ya sayar aka rufe, bai karɓa ba har yau. Yana zaune kansa a ƙasa yana juya hularsa a hannu har ka gama. Washegari da asuba ya aiko ƙaramin ɗansa gidan fasto da littafin lissafi da makulli a cikin leda baƙa. Ran Lahadi a bencin baya ya zauna.

Ni ina goyon bayan shawararka, har gobe. Amma ka san wannan ma.

Bakatsine79:
Tabɗi. Labari ya canza.

MamanTagwaye:
Bai canza ba, ya cika ne.

Ɗan_Kafur:
Yaya Ina_Wurin, ban san batun masara ba, kuma ban san ya mayar da makulli ba sai yanzu. Abin bai yi mani daɗi ba. Amma ku bar ni in faɗi wannan: amincinsa shi ne ma dalilin da ya sa ya kamata a yi tsarin. Yau shi ne, gobe wani ne da ba mu sani ba. Shi kansa in ɓarayi suka shiga gidansa daren Lahadi, wa zai shaide shi? A 2 Korintiyawa 8 Bulus da kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, sai da ikilisiyoyi suka zaɓi wanda zai raka su, don kada wani ya sami abin zargi. Ya ce suna lura da abin da ke daidai ba a gaban Ubangiji kaɗai ba, har a gaban mutane. Wa ya fi Bulus aminci a cikinmu?

Rabaran_Mai_Ritaya:
Na bar ku ku yi ta yi ne don in ji. Ɗana, ayarka ta zauna daidai, ba mai ture ta. Ƙara da Ayyukan Manzanni 6: da Yahudawa masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana manta da gwaurayensu a rabon abinci, manzanni ba su karanta musu ayar biyayya ba. Suka tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai, aka gyara tsari. Musa ma da surukinsa Yetro, firist na Madayana, ya ce masa abin da kake yi ba shi da kyau, za ka gajiyar da kanka da mutane, bai ce ni ne na raba teku ba. Ya naɗa shugabannin dubu da ɗari da hamsin da goma. Dattijon da ya rufe maka baki da aya bai kyauta ba, in da ni ne faston zan gaya masa a keɓe.

Yanzu naka. Afolos mutumin Iskandariya gwanin magana ne, masanin Littattafai, yana wa'azi a Afisa da zafi amma iliminsa bai cika ba. Akila da matarsa, masu ɗinkin tanti, suka ji shi. Ba su miƙe a majami'a sun raba takarda ba. Suka ja shi gefe suka bayyana masa. Ya karɓa, ya zama mai amfani. Ana yabon Afolos da ya saurara, ni kuwa ina yabon waɗanda suka san yadda za su faɗa har ya iya saurara. Kai ka karanta akanta, ka san lamba. Baba_Funtua tun farkon zaren nan ya ba ka shawara ɗaya, ka je gidan mutumin. Ka amsa masa da dalilin da ya sa ba ka je ba. Ka ga kai ma an ba ka, ka ture.

Mai_Ganga:
Rabaran ya harbi tsuntsu biyu.

Ɗan_Tarihi:
Amma ranka ya daɗe, Bulus a Antakiya a gaban kowa ya tsauta wa Bitrus, Galatiyawa 2. Bai ja shi gefe ba.

Rabaran_Mai_Ritaya:
Domin laifin Bitrus a gaban kowa ya yi shi, har ya ja Barnaba. Shi wannan ma'ajin wane laifi ya yi?

'Yar_Malumfashi:
Ni har yanzu ban gamsu ba. Kullum ƙarshen zancen shi ne ƙarami ya gyara murya, ya durƙusa, ya zaɓi lokaci. Sai ya cika sharuɗɗa goma kafin a ji shi. Babba kuwa ko da tsawa ya faɗa, an ce ka ɗauki gaskiyar ka bar tsawar. Me ya sa ba a ce wa dattawa su ma su ɗauki gaskiyar su bar takardar? Yesu da ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajirai, shi ne babba a ɗakin. Bai jira su fara ba.

Baba_Funtua:
'Yata, ba ki yi ƙarya ba. Sai dai su dattawan ba sa cikin zauren nan, Ɗan_Kafur ne a nan. Wanda ke gabanka shi kake yi wa magana.

Ina_Wurin:
Ɗaya daga cikinsu yana nan Baba, yana karantawa, bai dai ce komai ba.

Bakatsine79:
To fa! Baba da ke ɓoye, salama muke yi.

Ɗan_Kafur:
Zan je gidan Baba ma'aji ran Asabar, kawuna zai raka ni don sun saba. Zan gaishe shi in gaya masa ban zarge shi ba. Amma shawarar tana nan, zan sake kawo ta a zama na gaba, kuma ina so a amsa ta da dalili.

Baba_Funtua:
Ka je, amma ka bar takardar a gida. Kada ka ta da batun banki ranar, ko shi ya ta da shi.

MamanTagwaye:
A'a Baba, in shi ya ta da shi ya amsa mana. In ya yi shiru tsohon zai ɗauka ya janye, ran zama kuma ya ji an sake kawowa, sai ya ce munafunci aka yi masa. Gara ya ji daga bakinsa a zaure.

Sabon_Ango:
Ku taimaka mani ni ma don Allah. Irin wannan matsalar muke da ita a majami'armu ta ƙauye, sai dai ni ma'ajin namu surukina ne, kuma ban gama biyan kayan aure ba.

Mai_Ganga:
Kai kam buɗe naka zaren daban, wannan ba na yau ba ne.